Janar Wiliyam Silim da Rundunar da Aka Manta da Ita

Duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki ya san yadda kurtu ya ke ɗokin ranar da za a gama horonsa, a ɗinka masa lambar rundunarsa a kafaɗa. In ka dubi abin, ɗan ƙyalle ne wanda bai kai tafin hannu ba, ko tela ba zai tsaya cinikinsa ba. Amma ga shi mutane sun jimre yunwa da ƙishirwa, waɗansu har sun ba da rayukansu, don kada a kunyata wannan ɗan ƙyalle. To, me ya ba shi wannan nauyi? Amsar tana cikin labarin wani Baturen Ingila, Janar Wiliyam Silim, wanda ya karɓi mayaƙan da aka kora har suka karaya, ya mai da su runduna wadda kowa ya ke alfarma da ɗaukar lambarta. Cikin waɗanda suka yi yaƙi a ƙarƙashinsa kuwa akwai dubban mutanen ƙasarmu.

An haifi Silim a birnin Biristol ran 6 ga watan Agusta, 1891. Ubansa mai sayar da kayan ƙarfe ne, ba shi da wata dukiya, daga baya kuma ya ƙaura da iyalinsa zuwa Bamingham. Tun yana yaro ba abin da ya ke so kamar aikin soja, amma a zamanin nan makarantar hafsoshi ta 'ya'yan masu hali ce, gidansu kuwa ba abin biya. Saboda haka ya fara da koyarwa a wata makarantar elementare cikin unguwar matalauta, sa'an nan ya zama akawu a wani kamfani mai ƙera bututun ƙarfe. Cikin 1912 ya sami hanya ya shiga ƙungiyar horon soja ta jami'ar Bamingham, ko da ya ke shi ba ɗalibin jami'ar ba ne. A nan ya sami lambarsa ta fari, watau igiya ɗaya a hannun riga. Ba ta daɗe ba. Wata rana suna maci cikin zafi, ya fita daga sahu ya sha abin da wata mata ta miƙo a bakin hanya, aka tuɓe masa igiyar. Tun daga farkon aikinsa ke nan ya koyi cewa lambar da aka ba mutum ana iya karɓe ta.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi cikin 1914, aka naɗa shi ƙaramin hafsa. Aka kai bataliyarsu Galifoli a ƙasar Turkiyya, can aka harbe shi cikin Agusta 1915, ya yi rauni mai tsanani har aka yi tsammanin ya gama aikin soja. Da ya warke ya koma fagen fama a ƙasar Iraƙi, aka sake yi masa rauni cikin 1917, aka kuma ba shi lambar jaruntaka mai siffar gicciye wadda a ke ba hafsoshi. Bayan yaƙi ya koma sojan Indiya cikin 1919, domin a can hafsa ya kan iya riƙe kansa da albashinsa kaɗai. Aka sa shi cikin mayaƙan Gurka, mutanen duwatsun Nefal, waɗanda lambarsu wuƙaƙe biyu ce masu lanƙwasa a gicciye. Ya koyi harshensu, ya ga yadda yaro ɗan ƙauye ya kan sake tafiya da tsayuwa ran da aka ce ya isa ɗaukar wannan lamba. Girma bai zo masa da sauri ba. Ya yi karatu a makarantar manyan hafsoshi ta Kwetta, ya koyar a ta Ingila, yana rubuta 'yan labaru a jaridu da wani suna dabam don ya ƙara abin cefane. Sai cikin 1938, yana kusan shekara 47, aka ba shi bataliya tasa ta kansa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a san yadda a ke tsara soja. Bataliya ta kan kai mutum ɗari takwas ko kusa da haka. Bataliya uku su ne birged, birged uku kuma su ne dibishin, in an haɗa dibishin da yawa a hannun janar guda sun zama babbar runduna. Kowace dibishin tana da tutarta da lambarta.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sami Silim yana riƙe da birged. Cikin Nuwamba 1940 ya kai wa Italiyawa hari a Gallabat, kan iyakar Sudan da Habasha. Ya ci ganuwar garin, amma jiragen saman abokan gaba suka yi wa mutanensa ruwan wuta, waɗansu suka firgita suka ja da baya, shi kuma ya fasa ci gaba. Daga baya ya ɗora laifin a kansa, bai ɗora wa sojojin ba. Farkon 1941 wani jirgin sama ya harbe shi, rauni na uku ke nan. Da ya sami sauƙi ya jagoranci dibishin a Iraƙi da Sham da Farisa.

Cikin Maris 1942 aka tura shi ƙasar Bama, ba Bama ta Barno ba, wata ƙasa ce gabas da Indiya, wadda tun 1989 a ke kira Miyanma. Ya tarar Japanawa sun riga sun ci Rangun, babban birnin ƙasar a lokacin. Aka danƙa masa dibishin biyu waɗanda suka riga suka jigata, ba jiragen sama masu tsaron kansu, ba hanyar kawo gudummawa. Ba abin da ya rage sai ja da baya, suka yi ta ja kuwa har wajen mil 900, cikin kurmi da duwatsu da manyan koguna. Suka isa Imfal a ƙasar Indiya cikin Mayu, daidai faɗuwar damina. Silim ya tsaya a bakin hanya yana kallon na ƙarshensu suna shigowa, tufafi sun yayyage, zazzaɓi ya cinye su, amma kowa da bindigarsa, suna tafe a sahu bayan hafsoshinsu. Ya gane an kore su, amma ba a fasa su ba, akwai sauran abin da za a yi gini a kansa.

Cikin Oktoba 1943 aka kafa Runduna ta 14, aka ba shi shugabancinta. Wannan runduna tarin al'ummai ce: Indiyawa su ne mafi yawa, ga Gurka, ga Ingilishi, ga mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas, ga kabilun duwatsun Bama. Da ta cika ta kai kusan zambar dubu, watau miliyan guda. Amma hankalin Ingila duk yana kan yaƙin Jamus. Kayan faɗa sai wanda ya ragu a ke aiko musu, wasiƙun gida su kan yi watanni a hanya, jaridu ba su cika ambatonsu ba. Har su da kansu suka sa wa kansu suna rundunar da aka manta da ita. Abin da ya fi wannan muni, da yawa cikinsu sun ɗauka ba mai iya karawa da Bajapane a cikin kurmi.

Silim ya zauna ya yi tunani a kan abin da ke tsai da zuciyar soja, ya kasa shi uku. Na fari, mutum ya yarda abin da a ke yaƙi dominsa ya cancanta, ya kuma san aikin da shi kansa ya ke yi yana da amfani a ciki. Na biyu, hankalinsa ya ba shi cewa ana iya cin nasara, shugabanninsa sun san aikinsu, ba za su zubar da ransa a banza ba. Na uku, ya ga ana yi masa adalci wajen abinci da makamai da wurin kwana gwargwadon hali. Da gangan ya sa abin duniya a ƙarshe, domin ya sha ganin mutane marasa kome suna yaƙi kamar zakoki, in dai na farin nan biyu sun samu.

Ya fara da lafiya. Cikin 1943, in an kai mutum ɗaya asibiti saboda rauni, sai an kai 120 saboda ciwo, yawancinsu zazzaɓin sauro da atuni. Akwai ƙwayar magani mai hana zazzaɓin, amma tana mai da fata rawaya, sojoji kuma suna ƙin sha saboda jita-jitar wai tana kashe mazakuta. Silim ya ce alhakin shan magani yana wuyan hafsa, ba likita ba. Ya sa a riƙa auka wa bataliya ba zato a gwada kowa, in waɗanda suka sha ba su kai 95 cikin 100 ba, a tuɓe shugabanta. Uku kaɗai ya tuɓe, sauran suka gane. Ya kuma kafa wuraren jiyya dab da bakin daga, don kada mai zazzaɓi ya yi watanni a Indiya ya rabu da 'yan'uwansa. In abinci ya yi ƙaranci har aka rage rabon na gaba, shi da hafsoshin ofishinsa su ma rabi su ke ci. Da laimar saukar da kaya daga jirgin sama ta yi wuya, ya sa aka ɗinka ta da zaren rama a Kalkata.

Sa'an nan ya juya kan sababbin sojoji. Waɗanda a ke aikowa don su cike gurbin matattu da majiyyata, a kan tara su a waɗansu sansanoni bayan daga, su yi makonni suna jira. Tantunan sun ruɓe, ba horo, ba wasa, masu kula da su kuwa hafsoshin da kowace bataliya ta ke neman rabuwa da su ne. Yaro ya kan fito daga horo da ɗokinsa, kafin ya kai bakin daga zuciyarsa ta mutu, domin ba wanda ya san sunansa, shi kuma bai san ko na wane ne ba. Silim da maigidansa Janar Gifad, wanda ya daɗe yana shugabancin sojan Afirka ta Yamma, suka sake tsarin duka. Aka ba kowace dibishin sansaninta. Ita za ta aiko da hafsoshi da masu horo daga cikin mutanenta na kirki, a kafa tutarta a tsakar sansanin, kowane sabon zuwa kuma a ɗinka masa lambarta, janar ɗinta ya riƙa zuwa yana duba su. Nan da nan abin ya sake. Yaron da jiya ba shi da kowa, yau ya zama na Baƙar Kyanwa, watau Dibishin ta 17, ko na Kibiyar Zinariya ta 7, ko na Zakaran Faɗa ta 23. Saje mai koya masa harbi yana ɗauke da irin lambar da ke kafaɗarsa, yana ba shi labarin inda masu ita suka tsaya ba su gudu ba. Sai yaro ya ji an ba shi aron sunan da waɗansu suka saya da jininsu, biyan aron kuwa yana jiransa a gaba.

Ita ma babbar rundunar Silim ya zana mata lamba da hannunsa: garkuwa ja mai baƙin ratsi a tsakiya, da adadin 14 da haruffan Rumawa, da farin takobi tsininsa yana duban ƙasa. Bisa al'adar masu zana irin wannan, takobi sama ya kan duba. Shi kuwa ya juya shi don ya nuna daga arewa za su gangara kudu su ƙwato Bama, tun lokacin da mutane kaɗan ne suka yarda haka za ta yiwu.

Amma ya sani sarai lamba ba ta yin nauyi sai da aikin da ke bayanta, sai an gwada a kan san na ƙwarai. Don haka ya sa kowace bataliya ta riƙa aika 'yan sintiri cikin kurmi, sababbi tare da tsofaffin hannu, har su saba, su ga Bajapane ma mutum ne mai jin yunwa da barci. Bayan wannan ya shirya ƙananan hare-hare inda ya kan tura birged guda a kan ɗan sansanin da bai fi mutum ɗari ba, don nasara ta tabbata, kowa ya ɗanɗana ta. Shi kansa kullum yana yawo, ya hau kan ƙaramar motarsa ya tara mutane ya yi musu magana da Turanci ko Urdu ko harshen Gurka. Bai tsaya ga masu bindiga kaɗai ba, har kuku da direba da mai haɗa waya da mai gyaran hanya ya kan nuna wa kowa inda aikinsa ya shiga cikin nasara. Sojoji suka sa masa suna Kawu Bil, wannan kuwa lamba ce wadda ba sarkin da ya ke ba da ita.

A nan ne labarin ya iso gida. Dibishin ta 81 ta Afirka ta Yamma, mai mutanen Nijeriya da Gwalkwas, watau Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya, ta sauka Indiya cikin 1943. Lambarta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, shi ne Ananse na tatsuniyoyin Asante, ɗan'uwan Gizonmu, ƙaramin da ya ke ka da manya da dabara. Farkon 1944 ta shiga kwarin kogin Kaladan, inda ba hanyar mota, abincinta da harsashinta daga sama a ke jefo mata, mutanenta kuma su ɗauka a ka. Cikin shekarar nan bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suka bi mayaƙan Cindit can bayan dagar Japanawa. Dibishin ta 82 ta biyo baya, lambarta māsu biyu a gicciye bisa gammo, don a girmama masu dako tare da masu faɗa. Dibishin biyun nan suka haɗu suka ci Miyohan, tsohon birnin Arakan, cikin Janairu 1945. Sai dai gaskiya ba ta ɓuya: adalcin nan da Silim ya lissafa cikin sharuɗɗansa bai kai gare su cikakke ba. Albashin baƙin soja da kuɗin sallamarsa ba su kai na Bature ba, kome jaruntakarsa kuwa da wuya ya wuce samanja. Set Antoni na Gwalkwas, wanda aka naɗa hafsa cikin 1942, shi ne ya fara ƙetare wannan shinge. Da yawa cikin hafsoshin da suka yi Kaladan sun yi ƙorafi daga baya cewa tarihin yaƙin, har da littafin da Silim ya buga cikin 1956, bai ba mutanensu haƙƙinsu na yabo ba.

Amfanin aikin Silim ya bayyana cikin 1944. Cikin Fabrairu Japanawa suka kewaye Dibishin ta 7 a Arakan, suna tsammanin za ta gudu kamar dā. Ta tsaya, akawuna da masu dafa abinci suka ɗauki bindiga, jirage suna jefo musu guzuri, har masu kewayen suka janye. Daga Maris zuwa Yuli aka yi babban karo a Imfal da Kohima. Japanawa sun zo da mutum wajen 85,000, suka yi hasarar fiye da 50,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda yunwa da ciwo suka kayar. Cikin Disamba Wakilin Sarkin Ingila a Indiya, Lod Webel, ya zo Imfal ya naɗa wa Silim da manyan janar ɗinsa uku sarautar Sa a gaban sojojinsu. Farkon 1945 rundunar ta ƙetare kogin Irawadi, Silim ya ruɗi abokan gaba suka zuba ido a Mandale, shi kuwa ya zaga ya ci Mektila a bayansu cikin Maris. Mandale ta faɗi cikin watan nan, aka shiga Rangun farkon Mayu. Takobin nan mai duban ƙasa ya isa inda ya nuna.

Ana cikin murna sai Janar Lis, wanda ya gaji Gifad, ya nemi ya ɗauke Silim daga Runduna ta 14 ya ba shi wani aiki ƙarami. Silim ya ce gara ya yi murabus. Da labari ya bazu, hafsoshi da sojoji suka husata, magana ta kai Landan, aka soke umurnin. Ba a daɗe ba aka ɗauke Lis, aka ba Silim kujerarsa. Cikin shekarar nan aka fito da Tauraron Bama, lambar tagulla mai tsini shida, wadda ba a ba kowa sai wanda ya yi aiki a wannan fage, fari ko baƙi.

Cikin 1948 Silim ya zama shugaban hafsoshin sojan Ingila duka, aka ba shi muƙamin Fil Mashal cikin 1949. Ya yi Gwamna Janar na Ostareliya daga 1953 zuwa 1960, ya rasu a Landan ran 14 ga Disamba, 1970, yana da shekara 79. Shekaru da yawa bayan rasuwarsa, waɗansu mutane da suka tashi a wani gidan renon yara a Ostareliya suka zarge shi da cin zarafinsu sa'ad da su ke ƙanana. Iyalinsa sun musa, ba a kuma taɓa kai maganar gaban alƙali ba, amma cikin 2019 hukumar birnin Kanbera ta yanke shawarar cire sunansa daga wani babban titi. Mai igiyar nan da aka tuɓe tun yana saurayi, ko a kabari bai wuce a sake auna girmansa ba.

Mutanenmu da suka dawo daga Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma sunayen wuraren da suka yi faɗa suna nan a barikokin Nijeriya da Gana: Arakan da Miyohan a Ikko, Kalafanzin a Kaduna, Sansanin Bama a Ankara, da Cindit a Zariya, inda tun 1924 a ke horon kurata. Wanda duk za a ba riƙon mutane, ko a bariki ko a aji, yana da abin ɗauka a nan. Silim bai ɗinka wa yaro lamba ya tafi ya bar shi ba. Sai da ya duba abincinsa da lafiyarsa, ya ba shi malami na kirki, ya nuna masa na wane ne shi, sa'an nan ya ba shi aikin da zai iya ci, har yaron ya ji a ransa ya biya kuɗin ƙyallen da ke kafaɗarsa.